Dusty Baker

Johnnie B. Baker Jr., wanda duniya ta fi sani da Dusty Baker, Ba'amurke ne baƙar fata da ya yi kakar wasa 19 yana buga besbol a babbar gasar ƙasar, wato MLB, daga 1968 zuwa 1986. Mai tsaron bayan fili ne. Bayan ya ajiye sanda ya yi shekara biyar yana mataimakin koci, sannan ya zama babban koci a kulob biyar, ya ci wasa 2,183. Ya ɗaga kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran MLB, sau biyu: a 1981 yana ɗan wasa, da 2022 yana koci, shekara 41 a tsakani.

Aikin mai tsaron bayan fili

A besbol mai jifa ne ke wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda ya ruga, yana neman zagaye tashoshi huɗu ya dawo inda ya tashi, wanda shi ne maki ɗaya. Kulob ɗin da ke tsaro yana baza mutum tara a fili. Uku daga cikinsu can nesa suke tsayawa a kan ciyawa, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, kuma su ne masu tsaron bayan fili. Idan ƙwallo ta tashi sama aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. Don haka aikin yana son gudu, da ido mai gane inda ƙwallo za ta sauka tun daga ƙarar sanda, da hannu mai ƙarfin jifa daga nesa. Idan kuwa ƙwallon ta haura katanga gaba ɗaya, wannan shi ake kira hom ran, babu mai tare ta. Kowane mai tsaron bayan fili kuma yana da nasa layin bugu, kuma akasari da bugun ake auna darajarsa. Baker ya fara a tsakiya, daga baya ya zauna a hagu.

Tasowa

An haife shi ranar 15 ga Yuni 1949 a Riverside, jihar Kalifoniya. Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa Dusty, ma'ana mai ƙura, saboda kullum yana cikin ƙasa yana wasa. Mahaifinsa mutum ne mai tsauri da ke horar da yaran unguwa, kuma ya taɓa cire ɗan nasa daga ƙungiyar yara saboda zafin kai. Da iyalin suka koma yankin Sacramento, Baker ya shiga makarantar sakandare ta Del Campo, inda shi da ƙaninsa ne kaɗai baƙaƙen fata. Ya yi fice a ƙwallon kwando da gudu da besbol.

A 1967 kulob ɗin Atlanta Braves ya zaɓe shi a zagaye na 26 na ɗibar sababbin 'yan wasa, wato ba a sa ran zai yi nisa ba. Mahaifinsa jami'a yake so ya tafi, kuma sa hannun da ya yi ya jawo saɓani tsakaninsu na wasu shekaru. Akwai kuma fargabar jihohin kudancin ƙasar, yankin da Atlanta take, inda wariyar launin fata ke da sauran ƙarfi a lokacin. Abin da ya kwantar wa mahaifiyarsa da hankali shi ne alkawarin da Hank Aaron, babban tauraron Braves, ya yi mata cewa zai riƙe yaron kamar ɗansa. Aaron bai saɓa ba. Ya riƙa sa masa ido a kan barci da abinci da zuwa coci, yana koya masa yadda ake karanta mai jifa. Wanda duk ke son fahimtar irin kocin da Baker ya zama daga baya, daga nan ya kamata ya fara.

Shekarun wasa

Ya fara buga wa Braves a Satumba 1968, yana haɗa wasa da hidimar sojan ko-ta-kwana a rundunar Marines. Sai a 1972 ya samu gurbi na dindindin, kuma a shekarar matsakaicin bugunsa ya kai .321, na uku a gasar National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB. Ma'anar wannan lissafi ita ce a cikin kowace tsayuwa 1,000 ya samu bugu mai kyau 321, kuma duk wanda ya haura .300 gwani ne.

Ranar 8 ga Afrilu 1974, a Atlanta, Aaron ya buga hom ran ɗinsa na 715 ya karya tarihin Babe Ruth. Baker ne ke jiran layi a bayansa, taku kaɗan daga wurin, da sanda a hannu. Ya kuma ga abin da 'yan kallo ba su gani ba, wato tarin wasiƙun zagi da barazanar kisa da aka yi ta aiko wa Aaron don kawai baƙar fata na shirin wuce farin gwarzo.

A ƙarshen 1975 aka mayar da shi Los Angeles Dodgers. Shekarar farko ta zo masa da ciwon gwiwa, hom ran huɗu kacal ya buga. A 1977 ya farfaɗo. Ranar 2 ga Oktoba, wasan ƙarshe na kakar, ya buga hom ran ɗinsa na 30 a kan mai jifa J.R. Richard na Houston Astros, abin da ya sa Dodgers ta zama kulob na farko da mutum huɗu suka kai 30 a kaka ɗaya: Steve Garvey, Reggie Smith, Ron Cey da shi. Yana isowa tashar da ya tashi abokin wasansa Glenn Burke ya ɗaga hannu sama, Baker ya tafa masa. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin farkon tafawar sama da 'yan wasa ke yi a ko'ina yau.

A shekarar ce aka ba shi kyautar gwarzon wasannin kusa da na ƙarshe na National League, karo na farko da aka bayar da ita. Dodgers ta sha kashi a hannun New York Yankees a World Series na 1977 da 1978, ta rama a 1981. Baker ya samu kyautar Silver Slugger ta bugu a 1980 da 1981, da Gold Glove ta tsaro a 1981, aka kuma zaɓe shi wasan taurari a 1981 da 1982. Ya yi 1984 a San Francisco Giants, ya ƙare da shekara biyu a Oakland Athletics. Jimilla yana da matsakaici .278, hom ran 242, da bugu 1,981.

Shiga koci

Da ya bar wasa, dillancin hannun jari ya fara. A Afrilu 1987 Al Campanis, babban jami'in Dodgers, ya faɗa a talabijin cewa wataƙila baƙaƙen fata ba su da abin da ake buƙata don jagorantar kulob. Maganar ta ci aikinsa, ta kuma tona abin da kowa ya sani: tun bayan da Frank Robinson ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kulob a 1975, ƙofar ba ta buɗe wa mutane da yawa ba. A cikin wannan yanayi Al Rosen na Giants ya ɗauki Baker a 1988 a matsayin kocin tashar farko, mai tsayuwa a gefen fili yana gaya wa mai gudu ya tsaya ko ya wuce. Daga 1989 zuwa 1992 shi ne kocin masu bugu.

A 1993 aka ba shi kulob ɗin gaba ɗaya, shekarar da Barry Bonds ya iso. Giants ta ci wasa 103 cikin 162, amma Braves ta ci 104, kuma a tsarin lokacin na ɗaya a rukuni kaɗai ke wucewa. An ba shi kyautar kocin shekara, ya sake samunta a 1997 da 2000.

Doguwar jira

Shekaru kusan talatin da suka biyo baya labari ɗaya suke maimaitawa: a ba shi kulob, ya gyara shi, ya kai shi bakin kofi, abin ya suɓuce. A World Series na 2002 Giants na gaban Anaheim Angels da wasa uku da biyu, tana kuma gaba da ci 5 da 0 a wasa na shida. Baker ya cire mai jifa Russ Ortiz, ya miƙa masa ƙwallon ya ajiye don tunawa. Angels ta farke ta ci 6 da 5, ta cinye na bakwai. A wasa na biyar na wannan jerin ne ɗansa Darren, mai shekara uku, wanda ke kwashe sanduna, ya ruga tsakiyar fili ana cikin wasa, J.T. Snow ya fizge shi ta wuyan riga kafin mai gudu na gaba ya banke shi. Daga nan aka sa dokar cewa sai ɗan shekara 14 zai yi wannan aiki.

A 2003 ya koma Chicago Cubs, kulob ɗin da a lokacin rabonsa da kofi tun 1908. Saura fitar da mutum biyar su kai World Series, suna gaban Florida Marlins 3 da 0, sai Marlins ta zuba maki takwas a zango na takwas cikin zangon wasa tara. Nan ne aka fi sukarsa, ana cewa ya gajiyar da hannun matasan masu jifa biyu, Mark Prior da Kerry Wood, waɗanda rauni ya addabe su daga baya. Sukar tana da tushe, don ya bar su suna jifa fiye da yadda ake bari yau, sai dai haka yawancin kocin zamaninsa suke yi, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa raunin nasu shi kaɗai. Masu lissafin alƙaluma kuma sun daɗe suna ganinsa ɗan gargajiya mai fifita tsofaffin 'yan wasa.

Ya riƙe Cincinnati Reds daga 2008 zuwa 2013, ya kai ta wasannin fitar da gwani sau uku. Washington Nationals ta ci wasa 95 da 97 a hannunsa a 2016 da 2017, ta zo ta ɗaya a rukuni duka biyun, amma aka ƙi sabunta masa kwantiragi. A tsakanin nan ya yi jinyar kansar prostate a 2001 da ƙaramin shanyewar jiki a 2012.

Abin da ba a taɓa musa masa ba shi ne iya zama da mutane. Yana jin Sifaniyanci, yana hira da 'yan wasan Latin Amurka da harshensu, yana sanin wanda ke da damuwa a gida, yana kai wa mutum abinci har gaban akwatin kayansa. Tsinken sakace a baki da ɗamarar gumi a wuyan hannu su ne alamarsa.

Houston

A Janairu 2020 aka kori kocin Astros, A.J. Hinch, bayan an tabbatar kulob ɗin ya yi amfani da kyamara wajen satar alamun da abokan hamayya ke yi wa mai jifarsu da hannu a 2017. Ana yi wa 'yan wasan ihu a duk filin da suka je, kulob ɗin na neman mutumin da kowa ke ganin girmansa, sai aka kira Baker yana da shekara 70. Ya zama koci na farko da ya kai kulob biyar daban-daban wasannin fitar da gwani. Aaron ya rasu a Janairu 2021, kuma a ƙarshen shekarar Baker ya kai World Series ya tarar da Braves, kulob ɗin ubangidan nasa, ya sha kashi a wasa shida.

A Mayu 2022 ya ci wasansa na 2,000, baƙar fata na farko da ya kai wannan adadi. Astros ta ci 106 a kakar, sannan ranar 5 ga Nuwamba ta doke Philadelphia Phillies 4 da 1 a wasa na shida ta ɗauki kofin. Da aka cafe ƙwallon ƙarshe, mataimakansa suka rufe shi suna tsalle suna kiran sunansa. Yana da shekara 73, babu kocin da ya taɓa cin kofin a wannan shekaru, kuma shi ne baƙar fata na uku bayan Cito Gaston da Dave Roberts.

Ya yi ritaya a Oktoba 2023 bayan Texas Rangers ta fitar da Astros, sannan ya koma Giants a matsayin mai ba da shawara. A Satumba 2024 Darren, yaron nan da aka fizge daga fili, ya buga wasansa na farko a MLB da rigar Nationals, ya kuma samu bugu a tsayuwarsa ta farko.