Dokar jiragen dare a Heathrow: me ta hana, me ta bari?

Daga misalin ƙarfe huɗu da rabi na asuba jiragen doguwar tafiya suke fara shigowa filin Heathrow na Landan, suna yin ƙasa-ƙasa ta kan rufin gidajen Richmond da Hounslow. Wanda rugugin ya tasa daga barci, abin da zai fara zo masa a rai shi ne kai ƙara kotu. To, ƙarar jirgi ba a kai ƙararta a Birtaniya. Sashe na 76 na dokar sufurin jiragen sama ta 1982 ya ce muddin jirgi yana tafiya a tsayin da ya dace, yana kuma bin ƙa'idojin tuƙi, ba wanda zai maka kamfaninsa a kotu don ya dame shi. Ita ma ƙaramar hukuma, wadda ke iya tsawata wa maƙwabcin da ya ƙure kiɗa da tsakar dare, dokar kare muhalli ta 1990 ta cire jirgin sama daga hurumin ta.

Saboda haka mazauna suka karkata ga sashe na 78 na dokar 1982 ɗin, wanda ya ba ministan sufuri ikon ƙayyade zirga-zirgar dare a filayen Heathrow da Gatwick da Stansted. Kusan duk abin da ƙungiyoyin mazauna masu yaƙi da ƙarar jirage irin su HACAN da ƙananan hukumomin yankin suka samu, ta wannan ƙofa suka same shi.

A dokar, dare iri biyu ne. Akwai babban dare, daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe, wanda a cikinsa ba a tsara tashi ko saukar jiragen da suka fi kowanne ƙara. Sannan akwai daren ƙidaya, daga 11:30 zuwa 6 na safe, kuma a nan ne ake lissafi. An yarda Heathrow ya yi sauka da tashi 5,800 a shekara cikin waɗannan sa'o'i: 3,250 a zangon bazara, 2,550 a na hunturu. Wato kusan jirgi 16 ke nan a kowane dare. Yawancinsu masu sauka ne, kuma akwai alkawari na ganin dama, wanda ba doka ba ne, cewa kada su sauka kafin 4:30.

Bayan adadi akwai maki. Tun 1993 kowane samfurin jirgi yana da makinsa gwargwadon ƙarar da aka auna lokacin ba shi takardar shaida, ɗaya na tashi, ɗaya na sauka. Matakan suna ninkawa ne: ɗaya bisa takwas, rubu'i, rabi, 1, 2, 4, 8, har 16, kuma tsakanin mataki da mataki desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) uku ne, domin ƙarin desibel uku ninkin ƙarfin sauti ne. Boeing 747-400 maki 4 yake ci a tashi, 2 a sauka. Airbus A380, duk girmansa, rabin maki yake ci a sauka. Kowane zango filin yana da kason makin da ba zai wuce ba, don haka kamfanin da ke son gurbin asuba dole ya kawo jirgi mai sauƙin ƙara. Daga Oktoban 2022 an hana masu maki 4 aiki a daren ƙidaya gaba ɗaya.

Da farko gwamnati ta so ta tsaya a kan makin kaɗai. Ƙananan hukumomi, da Richmond a gaba, suka garzaya babbar kotu a 1993, alƙali ya ce sashe na 78 adadin jirage yake nema a faɗa. Hikimar mazauna a nan a fili take. In maki ne kawai, duk lokacin da injuna suka ƙara laushi sai a samu damar ƙara jirage, alhali mai barci ba jimlar sauti yake ji ba, sau nawa aka tashe shi yake ƙirgawa. Jirgi huɗu masu rabin maki farkawa huɗu ne, ko da a takarda daidai suke da jirgi ɗaya mai maki 2.

Yunƙurin hana jiragen dare ɗungurungum kuwa bai kai ga gaci ba. A shari'ar Hatton, mazauna takwas sun je kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, suka yi nasara a 2001, sai babban zauren kotun ya juya hukuncin a 2003, ya ce gwamnati ta auna barcin jama'a da tattalin arziki yadda ya kamata.

Inda dokar ta fi yoyo shi ne ƙarfe 6 zuwa 7 na safe. A wannan sa'a ƙidayar dare ta ƙare, don haka jirage kan yi cincirindo, har a buɗe titunan filin biyu duka don sauka. Ga mai gida a ƙarƙashin hanya, wannan ce sa'ar da ta fi cin rai, kuma ba ta cikin 5,800 ɗin. Akwai kuma sassauci: saukar gaggawa, jiragen shugabannin ƙasa, da jinkirin da babbar matsalar hasumiyar kula da jirage ta jawo, duk ana iya cire su daga lissafi. Filin yana kuma iya tsallaka da abin da bai yi amfani da shi ba, har kashi 10 cikin ɗari, zuwa zango na gaba.

Tara ma ɓangare ɗaya take ci. Akwai na'urorin auna ƙara a kusan kilomita 6.5 daga inda jirgi ke fara gudu, kuma iyakar da aka kafa tun 2001 ita ce desibel 94 da rana, 89 a gefen dare (11 zuwa 11:30, da 6 zuwa 7 na safe), 87 a daren ƙidaya. Wanda ya wuce a ci shi tara, kuɗin su tafi ayyukan unguwanni. Amma wannan na masu tashi ne. Mai sauka ba shi da iyaka irin wannan, ga shi kuwa shi ne mai tashin mutane da asuba.

Da rana, abin da mazauna suka fi riƙewa da muhimmanci shi ne karɓa-karɓar titi. Idan jirage na sauka suna fuskantar yamma, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na shekara, da ƙarfe uku na rana ake musanya titin sauka da na tashi, kowace unguwa ta sami hutun rabin yini. Idan iska ta koma busowa daga gabas, hutun ya tafi. Asalin rashin hutun nan wani alkawari ne na baka da aka yi wa ƙauyen Cranford a 1952, cewa ba za a riƙa tashi ta kansa daga titin arewa ba. Gwamnati ta soke alkawarin a 2009, amma aka shafe shekaru ana dakon gina ƙananan hanyoyin da jirage za su bi su hau titin.

Mai son kokensa ya yi tasiri sai ya ɗaure shi da ƙa'idar da ake iya aunawa. "Ƙara ta yi yawa" amsar rarrashi kawai take jawowa. A rubuta rana da lokaci har minti, da unguwa, da ko jirgin tashi yake ko sauka, sannan a duba taswirar WebTrak ta filin, wadda ke nuna hanyar kowane jirgi da tsayinsa. Mai tashi dole ya kai ƙafa 1,000 a kilomita 6.5, ya kuma tsaya cikin layin da aka shata masa, mai faɗin kilomita uku, har sai ya kai ƙafa 4,000. Idan ya kauce kafin nan, akwai abin tambaya, sai dai in hasumiya ce ta karkatar da shi saboda hadari. Idan ya haura 4,000, ko'ina ya bi bai karya komai ba, kuma a nan koke da yawa suke faɗuwa.

Su kuwa alkaluman dare, duk bayan 'yan shekaru ma'aikatar sufuri take sabunta su, bayan ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a. A wannan lokaci ne ƙungiyoyin mazauna suke tattara abin da suka rubuta wata da watanni, su miƙa tare da buƙatar da suka daɗe suna nanatawa, wato a ja daren ƙidaya ya kai ƙarfe bakwai.