Kabewar Halowin ba ita ce ta asali ba

Da yawa cikinmu, in muka ga kabewar da aka sassaƙa wa ido da baki aka mayar da ita fitila don bikin Halowin na ƙarshen Oktoba, sai mu ce al'adar Amurkawa ce tun fil'azal. Ba haka ba ne. Tushenta yana Ayalan da Sikotlan, a bikin Sawin na mutanen Kelt (tsoffin mazauna yankin), wanda ke farawa daren 31 ga Oktoba. An gama girbi, an sauko da shanu daga makiyayar tudu, sai a hura babbar wuta a tarbi hunturu.

Fitilar kuwa da tanif suke yin ta, wata saiwa mai taurin gaske. Sai hannu ya gaji kafin a rarake cikinta da wuƙa, a yanka mata haƙora, a kafa kyandir, haske ya riƙa fitowa ta ƙananan idanun. Abin da gona ta ba su da kaka shi suka mayar kayan fasaha, kuma wannan yana burge ni ƙwarai.

Yunwar da ta fara a 1845 ta kori dubban 'yan Ayalan zuwa Amurka. A can suka tarar da kabewa, ga girma, ga sauƙin yanka, sai suka koma mata.