Cire kuɗin LEAP gaba ɗaya ba ya sa a cire sunanka

A unguwannin Nima da Mamobi, har Sabon Zango, a birnin Accra na Ghana, an daɗe ana faɗa wa tsofaffinmu cewa in sun kwashe kuɗin LEAP (tallafin da gwamnati ke bai wa gidajen talakawa) duka daga katin e-zwich (katin karɓar kuɗi da ake ɗora yatsa), gwamnati za ta ɗauka ba su da buƙata ta soke sunansu. Wasu kuma na tsoron sayen gawayi ko gyaɗa su sayar, kada a ce sun yi arziki. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cutar da mutane.

Tun 2008 aka fara LEAP, kuma ana biya duk bayan wata biyu. Ba da abin da ya rage a kati ake auna talauci ba. Ma'aikata ne ke bi gida-gida suna tambaya: mutum nawa ke gidan, da me aka yi rufi da daɓe, ina ake samun ruwa, waɗanne kaya aka mallaka. Da wannan ake zaɓen gidajen da ke da marayu, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, masu naƙasa mai tsanani, da mata masu ciki ko masu jarirai. In an zo sake tantancewa ma, halin gidan ake dubawa.

Kuɗin na abinci ne da magani da makaranta, kuma ƙaramar sana'a ba laifi ba ce. Gidan da ke riƙon marayu dai ana so ya sa su makaranta, ya kai su rigakafi. Ina roƙon 'ya'ya da jikoki: ku raka Hajiya ta ɗora yatsanta ta karɓi kuɗinta cif, kada ta kwana da yunwa saboda jita-jita.