Ma'anar Tumbuɗi da Abin da Ya Raba Shi da Amai

Tumbuɗi, wanda wasu ke furtawa tumbiɗi, shi ne ɗan nonon da yake dawowa ta bakin jariri, wani lokaci har ta hanci, jim kaɗan bayan ya gama sha, ba tare da yunƙuri ko kakari ba. Duk macen da ta taɓa goyo a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim ko Bichi ta san shi da farin tabon da yake bari a kafaɗar riga da ƙarnin da yake kama majanyi. Hausa ta ba shi suna nasa na kansa, ba ta haɗa shi da amai ba, kuma a ganina wannan rarrabewa ita ce abu na farko da ya kamata mai jego ta riƙe, domin da ita ake gane jaririn da rarrashi zai wadatar da shi da wanda sai an kai shi asibiti.

A ranar haihuwa tumbin jariri ba ya ɗaukar abin da ya fi kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma ko da ya cika wata guda girmansa bai wuce na ƙwan kaza ba. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe wadda take tsuke ƙofar bayan an haɗiye abu, to a jikin jariri ba ta gama ƙwari ba, ga shi abincinsa duka ruwa ne, ga shi yawancin yininsa a kwance yake. Shi ya sa tumbuɗi kan ƙaru wajen wata 4, ya ragu idan yaro ya fara zama, sannan yawancin yara su bar shi kafin su cika shekara.

Abin da ya fi damun uwa kuwa shi ne rigimar da take biyo bayan shan nono, inda jariri zai riƙa banƙarewa yana naɗe ƙafafu yana tsala kuka alhali yanzu ya ƙoshi. Sau da yawa iska ce ya haɗiya tare da nonon, ko don ya daɗe yana kuka kafin a ba shi, ko don kan nonon kaɗai ya kama maimakon ya cika baki har da baƙin da ke kewaye da shi. Maganin wannan shi ne a sa shi ya yi gyatsa. Uwa ta ɗora shi a kafaɗa, cikinsa a jikin ƙirjinta, ta riƙa shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama tana bubbugawa a hankali, ko ta zaunar da shi a cinya ta tallafe haɓarsa da ƙirjinsa da hannu ɗaya. Ko gyatsar ta fito ko ba ta fito ba, ta bar shi a miƙe a jikinta na minti 20 zuwa 30 kafin ta kwantar da shi, kuma kwanciyar ta zama rigingine, ba rub-da-ciki ba. Goyo ma yana taimakawa ƙwarai saboda ɗumin jikin uwa, muddin ba a tamke majanyi a kan cikinsa ba, kuma ba a tafi daka ko surfe da shi nan take ba, domin girgizar ita ce take dawo da nonon.

A nan kunyar ɗan fari takan yi ɓarnar da ba a lura da ita. Yarinyar da ta zo wankan gida takan shayar da ɗanta a gurguje don kada a ga tana ɗokinsa, ta ajiye shi, in ya fara kuka ta ce, "Inna, ya ƙi kwanciya." Kakar da ta san abin sai ta ce, "Miƙo shi nan, 'yar nan, ai bai yi gyatsa ba." Zai fi kyau kakar ta zaunar da ita ta koya mata da hannunta, domin bayan arba'in ɗakinta za ta koma ita kaɗai.

Inda raina yake ɓaci shi ne a ga jariri lafiyayye, yana ƙiba yana fitsari yadda ya kamata, a ɗura masa dauri ko jiƙo don kawai yana tumbuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, wanda yake isar jariri ko a zafin bazara. Jiƙon da aka yi da ruwan rijiya yana iya jawo gudawa, zuma kuma ba a ba yaro sai ya cika shekara. Haka nan kukan yamma da ake dangantawa da murɗar ciki, wanda likitan Amurka Morris Wessel ya bayyana a 1954 da kukan da ya haura awa 3 a yini, kwana 3 a mako, har mako 3, yakan tsananta ne wajen mako 6 ya lafa da kansa a wata 3 zuwa 4. Uwar da kukan ya kai ta maƙura ta miƙa shi ga wani ta huta, kada ta jijjiga shi da ƙarfi, domin hakan yana iya lahanta ƙwaƙwalwarsa.

Amai kuwa yana zuwa da yunƙuri, yaron ya galabaita. Idan abin da ya fito kore ne ko da jini, ko jikin jaririn ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko maɗigarsa ta faɗa fitsari ya ragu, to wannan ya tashi daga tumbuɗi, sai a nufi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Akwai kuma aman da yake fesowa da nisa bayan kowane sha, galibi tsakanin mako 2 zuwa 8 kuma ya fi kama 'ya'ya maza, yaron yana ramewa yana neman nono da zafin yunwa. Wannan yakan zama ƙofar fita daga tumbi ce ta tsuke, kuma aikin tiyata ne yake gyara ta, irin wanda ake yi a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.