Jarabar caca: masu yi ta waya da masu yi a fili

Jarabar caca larura ce ta ɗabi'a wadda mutum ke kasa daina zuba kuɗi a caca, ko da yana ganin tana cinye masa dukiya, sana'a da zumunci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fara lissafa ta cikin cututtuka a 1980, sannan a 2013 ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. A ma'aunin ƙungiyar akwai alamomi 9, kuma wanda aka samu da 4 cikin watanni 12 ya kamu. Daga cikinsu akwai ƙara yawan kuɗin da ake sakawa, ɓoye wa iyali gaskiya, cin bashi, da komawa washegari don ramuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bugu na 11 na kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta raba larurar gida biyu: wadda galibi ake yi a fili da wadda galibi ake yi ta intanet.

A Damagaram ana ganin nau'o'in biyu. Tsohon salon shi ne karta a lungu, da tikitin PMU na sukuwar dawakin Faransa da ake saye a kiyos ɗin hukumar caca ta ƙasa, LONANI. Sabon salon kuwa a salula yake, akasari kan ƙwallon Turai, ana loda kuɗi ta asusun waya.

Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna masu cacar intanet sun fi ƙarancin shekaru, sun fi zurfin karatu, mafi yawansu maza ne, kuma caca kan wasannin motsa jiki ta fi ja musu hankali. Masu zuwa wurin caca sun fi manyanta, kuma a Turai injinan caca suka fi cin su. Rukunin da ya fi shiga uku shi ne na masu haɗa biyun.

Babban bambancin yana wajen lokaci da idon jama'a. Kiyos yana da lokacin rufewa, abokan karta sukan watse, kuma wanda ya zauna a wurin ya san wani ɗan unguwa zai iya hango shi ya kai labari gida. A garin da kowa ya san hukuncin caca a suratul Ma'ida, aya ta 90, wannan kunyar birki ce, ko da ba mai ƙarfi ba. Waya ba ta da wannan birkin. Saurayi na zaune a fada, wato majalisar samari, ana shan shayi yana caca, na kusa da shi na zaton hira yake. Ana iya saka kuɗi ana tsakiyar wasa, kan wa zai ci ƙwallo ta gaba, har sau da yawa cikin minti 90, kuma tazarar da ke tsakanin sakawa da sakamako in ta gajarta, ɗabi'ar ta fi saurin kama jiki. Jaka biyar a allon waya lamba ce kawai, ba ta da nauyin takardar da aka ƙirga da hannu. Shi ya sa iyali ba su cika ganewa ba sai bashi ya taru, ko an sayar da babur ɗin kabu-kabu. Rashin barci ma ya fi damun masu yin ta waya.

Maganin dai kusan ɗaya ne: zama da masanin halayya don gyara tunanin cewa sa'a na dab da zuwa, da duba ciwon damuwa, domin masu larurar sun fi sauran jama'a haɗarin kashe kai. Mai yi a fili ana ba shi shawarar sauya hanya da abokai. Mai yi ta waya sai ya rufe asusun cacar, ya goge manhajar, ya danƙa kula da kuɗinsa ga wani amintacce a gida.