Me ya haɗa Sonko da Diomaye, kuma wa zai ɗauki alhakin bashin Senegal?

Wai dama ba abokai ba ne?

Abokai kam na ƙut da ƙut, tun suna aikin tara haraji tare. A kurkuku ɗaya ma suka zauna, aka sako su rana ɗaya, kwana goma kafin zaɓen shugaban ƙasar Senegal na Maris 2024. Kotu ta hana Ousmane Sonko takara saboda hukuncin ɓata suna, sai ya ɗaga hannun Bassirou Diomaye Faye, magoya baya suka dinga rera "Diomaye mooy Sonko", wato Diomaye shi ne Sonko a yaren Wolof. Faye ya ci da kusan kashi 54, ya naɗa Sonko firaminista.

To ina maganar bashi ta shigo?

A Satumban 2024 Sonko ya fito ya ce gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Macky Sall ta ɓoye gaskiyar lissafi. Da farko wasu sun ɗauka siyasa ce kawai, amma a Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗin gwamnati ta fitar da rahoto cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kai kusan kashi 100 na arzikin da take samarwa a shekara, alhali an ce wa duniya kashi 74 ne, giɓin kasafi kuma ya wuce kashi 12, ba kusan 5 da aka rubuta ba. Hukumar ba da lamuni ta duniya, IMF, ta dakatar da shirin rancen dala biliyan 1.8. Kamar ka gaji shago ne ka buɗe littafi ka tarar rabin kayan da ke kan kanta na bashi ne.

Laifin wa kenan?

Macky Sall ya musanta, ya ce ba a ɓoye komai ba. Ni dai a ganina laifin farko na waɗanda suka ci bashin ba tare da sanin majalisa ba ne, amma fa IMF ɗin da ke zuwa Dakar duba littafi duk shekara, ina idonta yake? Sannan ita sabuwar gwamnati ba za ta yi ta cewa Macky, Macky har abada ba, tunda jam'iyyarsu Pastef ta samu kujeru 130 cikin 165 a majalisa. Mai sayar da kifi da aka ƙara wa haraji kan tura kuɗi ta waya ba ruwanta da wanda ya sa hannu a 2021, wanda ke kan kujera take kallo.

Bashin ne ya raba su?

Ya dai ƙara wa wutar fetur. A Yulin 2025 Sonko ya ce matsalar ƙasar rashin iko ce, ya yi ƙorafin ana zaginsa shugaban ƙasa ya yi shiru. A Nuwamba, a wani babban gangami a Dakar, ya ce sake fasalin bashin, wato a nemi masu bin bashi su sauya sharuɗɗan biya, abin kunya ne ga Senegal, masu ba da rance suka tsorata. Bayan kwanaki kaɗan Faye ya cire Aida Mbodj, ta hannun daman Sonko, daga shugabancin ƙawancen da ya kai shi mulki ya sa tsohuwar firaminista Aminata Toure, Pastef ta ce ba ta yarda ba.

Akwai wani abu a ƙasa?

Zaɓen 2029 mana. Sonko na ganin aron kujera ya bayar, shi kuwa Faye tsarin mulki a hannunsa ya sa alƙalamin naɗawa da saukewa, har da na firaminista.