Hotline Miami da Hotline Miami 2: Wrong Number

Hotline Miami wasan bidiyo ne mai cike da zubar da jini, wanda ƙaramin kamfanin Dennaton Games na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, kamfanin Devolver Digital na Amurka kuma ya fitar da shi ranar 23 ga Oktoba, 2012. Mutum biyu ne rak a Dennaton: Jonatan Söderström mai tsara manhaja, da Dennis Wedin mai zane. Kashi na biyu, Wrong Number, ya fito ranar 10 ga Maris, 2015. A dukansu ana kallon filin daga sama ne, kamar an yaye rufin gida, kuma bugu ɗaya ya isa ya kashe ɗan wasa.

Na farkon yana faruwa a birnin Miyami a 1989. Wani mutum marar suna, wanda masu buga wasan suka laƙaba wa Jacket, yana tarar da saƙonni a wayar gidansa, ana kiransa aikin da ba laifi a cikinsa kamar rainon yara, alhali adireshin maɓoyar 'yan daban Rasha ne. Sai ya rufe fuska da kan dabba na roba, zakara ko mujiya ko doki, kowanne da baiwarsa, ya je ya karkashe su. Mai kan doki, alal misali, da bankaɗe ƙofa kawai yake kashe wanda ke bayanta.

Ƙarfin wannan wasa yana cikin ƙuncin ɗakunansa. Ɗan wasa kan faɗa ɗaki da sanda ko wuƙa, a kashe shi, ya danna maɓalli ɗaya ya dawo nan take, har hannunsa ya haddace gidan, kiɗa na ingiza shi. Da zarar abokin gaba na ƙarshe ya faɗi sai kiɗan ya yanke, dole ya taka da ƙafarsa ta cikin gawarwakin ya koma mota. Wannan shirun ya fi duk wani jawabi da ke cikin wasan tsinka zuciya.

Wrong Number ya faɗaɗa komai. Mutum 13 ake bugawa da su, labarin kuma yana kai da komo tsakanin wani ƙagaggen yaƙi a Hawayi a 1985, da 1989, da 1991. Akwai gungun matasa masu kwaikwayon Jacket don neman suna, da ɗan sanda Manny Pardo, da marubuci Evan Wright wanda ke ƙin kisa, har yakan zare harsasai daga bindigar da ya ɗauka. Ta bakinsu aka fayyace abin da na farko ya bari a duhu, musamman ƙungiyar 50 Blessings mai buga wayar.

Sai dai faɗin ya zo da tsada. Filayen sun yi girma, tagogi sun yi yawa, kuma sau da dama harsashi kan zo daga inda allo bai nuna ba. Wanda ya saba kutsawa da gudu sai ya koma leƙe a bakin ƙofa yana janyo abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. 'Yancin zaɓen fuska ma ya ragu, tun da kowane mataki na wasan da mutumin da ake bugawa da shi. A kan haka masu sharhi da yawa suka fifita na farko, ko da yake sun yaba kiɗan na biyu, inda aka ƙara makaɗa irin su Carpenter Brut a kan Perturbator da M.O.O.N.

A Janairun 2015 hukumar tace wasanni ta Ostareliya ta ƙi ba na biyun izini saboda wani fage mai nuni ga fyaɗe, abin da ya hana sayar da shi a can. A 2016 aka ƙara masa manhajar da masu wasa ke zana matakansu da kansu. Dennaton sun ce daga shi babu na uku, kuma labarin ya ƙare ne da bam ɗin nukiliya yana shafe Miyami da Hawayi tare da sauran mutanen labarin da suka rage a raye.